Hoton Ɗan Kokawar Nuba da Idon Mai Ɗaukarsa

Daga cikin hotunan da aka ɗauka don nuna ƙirar jikin ɗan wasa namiji, kaɗan ne suka yi suna kamar wanda wani Bature ɗan Ingila, George Rodger, ya ɗauka cikin 1949 a duwatsun Nuba da ke Kordofan ta ƙasar Sudan. Hoton na wani ɗan kokawa ne da ya yi kaye, ba tufa a jikinsa, wani ƙaƙƙarfa ya ɗauko shi a kafaɗa. Da yake gwanin yana bisa, tilas mai kallo ya dube shi daga ƙasa, kamar yadda akan dubi sarki bisa doki.

Rodger ya je Sudan ne da ciwo a zuci. Cikin 1945 ya shiga sansanin Bergen-Belsen, inda 'yan Nazi suka hallaka dubban mutane, ya tarar da kansa yana neman kusurwar da gawawwaki za su fi kyau a hoto. Daga nan ya bar ɗaukar hoton yaƙi, ya shiga neman rayayyen jiki mai mutunci.

Wannan hoto nasa shi ne ya jawo hankalin Leni Riefenstahl, Bajamushiyar da ta yi wa Hitler fim na farfaganda, ta kuma shirya Olympia a kan wasannin Berlin na 1936. A farkon wannan fim, mutum-mutumin Girkawa mai jifa da faifai yakan rikiɗe ya zama ɗan wasa mai rai, watau jiki ya zama gunki abin ɗaukakawa. Ta isa ƙasar Nuba cikin 1962, littafinta na hotuna, Die Nuba, ya fito cikin 1973. Cikin 1975 marubuciyar Amurka, Susan Sontag, ta soki littafin, tana ganin cewa bautar ƙarfi da kyawun jiki irin ta zamanin Nazi ce aka sāke, illa dai an sauya launin fata. Waɗansu masana kuwa sun ce hotunan sun adana al'adar da ke shirin gushewa.

Abin lura a nan shi ne, kokawar iri ɗaya ce, damatsan su ne dai, amma abin da kowane hoto ke faɗi ya danganta da tarihin mai riƙe da kyamara, da inda ya tsaya, da abin da ya bari a waje. Ga mutanen Nuba kokawa harka ce ta ƙauye da dangi, gwani yana kare sunan garinsu ne. A littattafan Turai kuwa yakan zama tsoka da haske kawai. Bayanin da ke bin hoton Rodger ya ambaci ƙabilar ɗan kokawar, watau Korongo, da wuri da shekara, amma bai ambaci sunansa ba.