TSOHUWAR MOTA MAI NEMAN GYARA: A SAYA KO A BARI?



Kaka ta yi. Mai albasa a Galmi, mai aya a wajen Cadawa da Agye, mai rake a Matamai, kowa ya ga ɗan kuɗi a hannu. Lokacin nan ne dillalan mota ke yawaita zuwa ƙauye. Za a ce maka ga wata mota an kusa ba da ita kyauta, ɗan gyara kaɗan take so. Kai kuwa ka gaji da jiran motar kasuwa, ka gaji da biyan kuɗin buhu. Kafin ka kwance lalitarka, zauna mu yi lissafi tare, don abin da za ka zuba gumin damana biyu ne ko uku.

INA MOTOCIN NAN KE FITOWA?

Yawancin motocin da ke aiki a ƙauyukanmu ba sababbi aka sayo su ba. Akwai tsofaffin Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda muke ce wa bashe. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa kayan gyaransu suka wadata shekaru da yawa a Kano da Katsina da Maraɗi. Yanzu an daɗe da daina ƙera su, abin da ya rage duk tsofaffi ne. Akwai kuma Toyota Hilux da Hiace, waɗanda galibi sun yi aiki a Turai kafin a kawo su ta jirgin ruwa.

Abu biyu sun tada farashi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga waje ya yi tsada. A 2023 kuma aka rufe iyakar Nijar da Benin, wadda ta nan ne motoci da kaya ke shigowa daga Kwatano, sai aka koma bi ta Lome da Burkina, hanya mai nisa. A wannan shekarar ce kuma Nijeriya ta janye tallafin man fetur, man bakin hanya ya daina araha irin ta da. Saboda haka kada ka yi lissafi da farashin da wani ya faɗa maka shekarun baya. Tambayi na yau.

FARA DA TAKARDU

Kafin ka buɗe gaban mota, ce a nuna maka kartagiriz. Tun da ka yi yaƙi da jahilci, karanta da kanka. Dubi sunan da ke ciki: na mai saidawa ne? Dubi lambar da aka buga a jikin ƙarfen shasi, ka gwada ta da wadda ke cikin takarda, harafi bayan harafi. In ka ga alamar an goge wurin ko an sake buga lambar, tashi ka tafi. Mai yiwuwa motar sata ce, kuma ranar da jandarma suka kama ta, kai ne za ka yi bayani.

Tambayi takardar duwan. Motar da ta shigo ba a biya mata duwan ba, bashi ne ka saya, kuma bashin yana iya kusan kai kuɗin motar. Tambayi takardar asiransi, da binyat, da takardar bizit, wato shaidar an duba lafiyar motar. Wadda ta mutu a cikinsu, kai za ka sabunta ta da kuɗinka.

In ciniki ya faɗa, a rubuta takardar saye da sayarwa gaban shaidu, hukuma ta buga hatimi, sannan a juya kartagiriz zuwa sunanka. Kada ka biya kuɗi duka kafin a yi wannan.

KA TAFI DA MAKANIKENKA

Ba a cinikin biri a sama. Dillali la'adarsa yake nema, makaniken mai mota kuwa na mai mota ne. Nemi naka makanike, ka biya shi ladan wuni. Ku je da sassafe, kafin a tada motar, don inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Taɓa injin da hannunka ka ji ko da sanyi. Ga abin da za ku duba:

1. Tashi. Ta tashi da makulli nan da nan, ko sai an tura? Ana jin ƙwanƙwasa cikin inji?

2. Hayaƙi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin inji yana ƙona baƙin mai, ya ci ke nan. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya tsayawa bayan inji ya yi zafi na nufin ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Baƙin hayaƙi na nufin tana shan mai fiye da ƙima.

3. Baƙin mai. Zaro sandar awo, ka buɗe marfin da ake zuba mai. In ka ga abu kamar madara ko kunu, ruwa ya gauraya da mai. Wannan babban gyara ne.

4. Ruwa. Tun inji yana da sanyi, buɗe marfin radiyata, a tada mota. In kumfa tana tasowa ba tsayawa, akwai matsala a kan inji. Kada ka taɓa buɗe marfin nan inji yana da zafi, ruwan zai ƙone ka.

5. Shasi. Kwanta ƙarƙashin mota da tocila. Nemi tsagewa, da tsatsa mai cin ƙarfe, da wurin da aka yi walda. Motocin da suka fito ƙasashen sanyi sukan zo da tsatsa a ƙasa, don can ana watsa gishiri bisa hanya lokacin ƙanƙara. Sabon fenti ba ya warkar da ruɓaɓɓen ƙarfe.

6. Taya. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, ƙafar motar ta karkace. A jikin taya akwai lambobi 4 a jere masu nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2519 na nufin mako na 25 na shekarar 2019. Tsohuwar taya tana fashewa da zafin bazara ko da zanenta bai goge ba.

7. Tafiya. Ku ɗora kaya, ku yi kilomita 20 ko fiye, bisa kwalta da cikin rairayi. A sa kowace giya, a ji ko tana fita da kanta. A taka birki, a ga ko motar tana ja gefe ɗaya. A sa ido bisa allurar zafi. Bayan kun tsaya, dubi ƙasa ko wani abu yana ɗiga.

Kada ka yarda da lambar kilomita da ke gabanka, ana iya maida ta baya. Dubi yadda abin taka birki da sitiyari da kujerar direba suka cinye. Su ba su ƙarya.

GYARA IRI UKU NE

Akwai ƙaramin gyara: batir, taya, fitila, takalmin birki, gilashi, juyen mai. Kana iya sanin kuɗinsu tun kafin ka saya, kuma da su za ka nemi ragi.

Akwai matsakaici: kulochi, radiyata, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin baya, famfon mai. Ana iya saye in makanike ya faɗi kuɗin aikin, ka je da kanka shagon kayan gyara ka tabbatar akwai abin, ka ji farashinsa.

Akwai babba: inji da ke son a sauke shi, akwatin giya da ya lalace, shasi da ya karye ko ya lanƙwashe saboda haɗari. Nan ba wanda ya san iyakar kuɗin sai an buɗe. Motar da ba ta tashi sam tana cikin wannan layi, tun da ba ka da hanyar gwada giyarta ko birkinta. In mai ita ya ce abu kaɗan ne ya hana ta tashi, ce masa ya gyara abu kaɗan ɗin ka dawo gobe. In ya ƙi, ka ji amsa.

Ka yi kuma tunanin inda kake zaune. Motocin da suka fi sabunta suna da kwamfuta a ciki, sai da na'ura ake gane ciwonsu, na'urar kuwa sai manyan garuruwa kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Zaɓi irin motar da ta yi yawa a tashar kasuwarku, wadda makaniken kusa da kai ya san ta, wadda ake samun kayanta ba sai an aika nesa ba.

ƊAUKO ALKALAMI

Lambobin nan na gwaji ne, don ka ga yadda ake lissafin. Kai za ka sa na wurinku.

Kuɗin mota: jikka 1500
Gyaran da makanike ya faɗa: jikka 400
Taya 4 da batir: jikka 250
Takardu: jikka 150
Ƙarin rabin kuɗin gyara, don abin da ba a gani ba: jikka 200
Jimla: jikka 2500

Ka ga motar da aka ce maka jikka 1500 ta koma jikka 2500. Wannan shi ne farashinta na gaskiya, kuma da shi za ka gwada ta da wata mai lafiya. In mai lafiya irinta tana jikka 2700, ƙara haƙuri ka tara ɗari biyun nan ya fi maka, don ita gobe za ta fara aiki, waccan kuwa za ta yi makonni a gareji.

Yanzu lissafin aiki. Mu ce kasuwa tana kilomita 50 daga garinku, zuwa da dawowa 100. Mu ce motar tana shan lita 12, kowace lita dala 100, wato jikka 6. Direba da yaron mota jikka 4. Tasha da ƴan kamasho jikka 1. Ajiyar gyara jikka 4. Abin da ya fita jikka 15 ke nan. In ka samu jikka 12 wajen zuwa, jikka 8 wajen dawowa, ka tashi da jikka 20. Ribarka jikka 5.

In tana cin kasuwa 3 a mako, jikka 15 ke nan. Shekara tana da mako 52, amma cire lokacin da ruwa ya yanke hanya da kwanakin gareji, mu bar mako 40. Ribar shekara jikka 600. Kafin jikka 2500 su dawo, sai an yi shekara 4 da wata 2, ba a ma cire asiransi da binyat na kowace shekara ba. Tambayi kanka: tsohuwar motar nan za ta kai shekara 4 bisa hanyoyinmu?

In lissafinka ya nuna kuɗi za su dawo cikin shekara 2, kuma kana da tabbacin kaya rani da damana, to, akwai magana. In kayan gonarka kaɗai za ta ɗauka wata 2 ko 3 na kaka, sauran shekara tana kwance gindin bedi, haya ta fi maka sauƙi.

ABIN DA BA A SAIDAWA DON MOTA

Kada ka taɓa hatsin rumbu. Kada ka saida iri. Kada ka saida shanun noma, kada ka jinginar da gona. Shanu suna ba ka huɗa, suna ja maka amalanke, suna ba ka taki, in ka tashi saida su kuma sun ƙara kuɗi. Mota kowace shekara raguwa take yi, tana tsaye ma tana cin kuɗin takardu. Wanda ya saida shanu ya sayi motar da ke kwana gareji, tsugune ba ta ƙare ba, an saida kare an sayi biri.

Ka tuna kuma da kaka hatsi da wake ba su da daraja. In ka kwashe su ka saida da arha don ka cika kuɗin mota, da bazara za ka saye su da tsada don ciyar da gida. In kuwa bashi za ka ci, ka sani mai bashi ba ruwansa da ko motar tana tafiya ko tana kwance.

IN ƘUNGIYA CE ZA TA SAYA

Mota ta fi sauƙi ga ƙungiyar manoma bisa ga mutum ɗaya, don kaya sun fi yawa, asara kuma ana raba ta. Amma sai da tsari. A naɗa direba ɗaya mai farmi, kada makulli ya riƙa yawo hannu-hannu. A sayi littafi, a rubuta kowace tafiya: ranar, inda aka je, man da aka sha, kuɗin da aka samu. A ware asusun gyara daban, kada a taɓa shi don biki ko suna. Kowa ya biya kuɗin buhunsa, har shugaba. A karanta littafin gaban jama'a kowane wata. Ku da kuka iya karatu da rubutu, wannan aikinku ne.

Ku duba kuma ko babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ko amalanke biyu, za su biya bukata. In tafiyar daga gona zuwa gari ce ko zuwa kasuwa ta kusa, sau da yawa sun isa.

MAGANAR RAI

Asarar kuɗi ana maida ta, ta rai ba a maidawa. Ƙaramar bashe an yi ta ne don kaya wajen tan 1, wato buhu 10 na kilo 100. In aka ɗora buhu 20, mutane suka hau bisa, birki ba zai riƙe ba, taya za ta fashe. Mutanen nan kuwa maƙwabtanka ne da danginka. In kuɗinka bai kai ga gyara birki da sitiyari da taya da fitila ba, to, bai kai ga sayen motar ba.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar mota ba ta rabuwa da gyara, abin nema shi ne ka san girman gyaran tun kuɗinka suna aljihu. Karanta takardu, ka tafi da makanikenka, ka rubuta lissafi, ka nuna wa wanda ya daɗe da mota a garinku. In dillali ya ce yau ko gobe wani zai ɗauke ta, bar shi ya ɗauka. Motoci ba su ƙarewa a kasuwa.

A karanta wannan a wurin sauraron rediyo da dandalin ƙungiya, don waɗanda ba su yi karatu ba su ma su amfana. Allah ya sa albarka cikin abin da muka noma, ya kai mu damana lafiya.