Kwamfuta Mai Tashi Tana Komawa: A Bincika Kafin A Goge

Duk wanda ya san Ƙofar Wambai ya san ta da kasuwar gwanjo, da ta robobi, da dukawa masu ɗinkin takalma. Amma a 'yan shekarun nan, kamar sauran sassan birnin Kano, ba a rasa ƙananan shaguna masu buga takardu da kwamfuta a wannan yanki, inda ɗalibi ke kai rubutunsa na kammala karatu, ma'aikaci ya kai takardar neman ƙarin girma, ɗan kasuwa kuma ya kai rasit ko katin ɗaurin aure. Galibin kwamfutocin tebur da ke irin waɗannan shaguna su ma gwanjo ne, don kuwa sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin a lodo su a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a kawo su Kano.

Akwai wata cuta da ke yawan kama su. Sai a kunna kwamfuta, fanka ta juya, allo ya yi haske, kafin a ankara ta mutu, ta sake tashi da kanta, ta kuma mutuwa, haka za ta yi ta kai da komowa har mai ita ya gaji ya zare waya. In an kai ta wurin gyara, sau da yawa abin da za a fara ji shi ne, “Sai an yi mata fomatin,” watau a goge duk abin da ke cikinta a zuba sabo. A nan ne aikin ɗalibi na wata shida kan salwanta cikin minti goma, alhali kuwa mai yiwuwa ba nan gizo ke saƙa ba.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa tashin kwamfuta hawa biyu ne. Da farko na'urar takan binciki kanta, ta tabbatar wuta ta isa, ƙwaƙwalwarta da sauran sassa suna amsawa, sa'an nan sunan kamfanin da ya ƙera ta ya bayyana a allo. Sai bayan wannan take komawa ga faifan ajiya ta ɗauko Windows. Saboda haka aikin farko ba ya bukatar sukundireba, ido kawai yake bukata: a lura da inda take yankewa. Idan tana mutuwa kafin sunan kamfanin ya fito, ko yana fitowa, to, ba ta ma kai ga Windows ba, goge shi kuwa daidai yake da ɗaure ƙafa saboda ciwon kai.

A irin wannan hali, wuta ce abin zargi na farko. Wutar da aka tsara wa Nijeriya bolt 230 ce, a cikin kwamfutar kuwa akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, da ke mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Shi ne ke shaida wa babban allon na'urar cewa wuta ta daidaita, ana iya fara aiki. Da zarar ƙarfinta ya faɗi sai ya janye wannan shaida, na'urar ta koma farko. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa KEDCO da ta karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, mutanen birni sun saba da wutar da kan zo rabi-rabi. Ga kuma ƙaramin janareta da aka ɗora wa kwamfuta da injin kwafe takardu a layi guda. Shi injin kwafe yana da wani ƙarfe da yake zafafawa don manne tawada a takarda, duk sa'ad da ya ja wuta sai ta ragu wa maƙwabtansa. Gwajin mai sauƙi ne: a cire kome daga layin, a zare filas da firinta daga jikin kwamfutar, a gwada ta ita kaɗai a wani soket. In ta tashi lafiya, an gano ɓarawon. In ba ta tashi ba, a ari wani fawa-fak mai lafiya a gwada. Amma kada kowa ya buɗe cikin wannan akwati, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya.

Sai ƙura. Shagon da ke bakin titi a Ƙofar Wambai, ƙofarsa a buɗe tun safe har magariba, abin da fankar kwamfuta ke zuƙa a watannin hunturu ba sai an faɗa ba. Ƙurar takan shiga ramukan da ake soke siraran allunan nan da ake kira ram, ta hana su haɗuwa sosai. A kashe wuta, a zare waya, a cire su, a goge bakinsu mai ruwan zinariya da magogin fensir, a hure ramin, a mayar da guda ɗaya a gwada, sa'an nan ɗayan. Kafin a taɓa su, lalle ne mutum ya dafa ƙarfen akwatin, saboda a busasshiyar iskar hunturu jiki kan tara wutar nan mai tartsatsi da kan ba mutum tsoro in ya taɓa ƙofar mota, ita kuwa ta isa ta kashe ram. Idan bazara ta kama, zafin Kano kan haura ma'auni 40 a watan Afrilu, ƙurar da ta toshe fanka ta sa ƙwaƙwalwar na'urar ta ɗauki zafi, ta kashe kanta don kada ta ƙone. Alamar wannan ita ce ta yi aiki da sanyin safiya, ta ƙi da rana.

Tsufa ma na da nasa rabo. A kan babban allon akwai wasu 'yan gwangwanaye a tsaitsaye, ana ce musu kafasito. Kansu a shafe ya kamata ya kasance. In ya kumbura ko yana tsatsar wani abu ruwan ƙasa, sun gama. A farkon shekarun 2000 an yi annobarsu a duniya, har kamfanin Dell ya ware dala miliyan 300 a 2005 don gyaran wasu kwamfutocinsa samfurin OptiPlex. Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, wanda ke riƙe agogo da tsarin na'urar. In ya mutu kwanan wata kan koma baya, wani lokaci tsarin karanta faifai ya sauya, Windows ya kasa tashi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

To, idan kuwa sai tambarin Windows ya fito take komawa, ko ta nuna shuɗin allo, a nan ne ake iya zarginsa. Yawanci an ɗauke wuta ne yana tsakiyar sabunta kansa, ko faifan ya fara gajiya. Ko a nan ɗin ba a fara da gogewa. Windows 10 da 11 sukan buɗe shafin gyara da kansu in tashi ya faskara a jere, inda ake iya janye sabuntawar ƙarshe ko a tashe shi da 'yan kayan aiki kaɗan, abin da masu gyara ke kira sef-mod. A tsohon Windows 7 maɓallin F8 ake dannawa. Ran 19 ga Yuli, 2024, wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ta jefa na'urori kimanin miliyan 8.5 cikin irin wannan hali, bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Maganin da aka bayar shi ne a shiga sef-mod a cire fayil guda.

In duk an bi waɗannan aka ga babu makawa sai an goge, mai kwamfuta na da haƙƙin ya ce a fara cire faifan, a jona shi da wata kwamfuta mai lafiya, a kwashe takardunsa a filas a gabansa. Ya buɗe biyu ko uku ya gani da idonsa, sa'an nan ya ba da izini.