Hattara da Naman Sa Mai Tsada da Ake Talla a Intanet

Tun zamanin kaka da kakanni, wanda yake bukatar nama rumfar mahauta yake zuwa, ya duba da idonsa, ya taɓa da hannunsa, in kuwa aka yi masa ha'inci ya san inda zai sami Sarkin Fawa ya kai ƙara. Amma yau, da yake al'amura sun sauya, sai ka ga mai hali a Abuja ko Kano ya ga hoton wata tsoka mai kauri ta gashi a Instagram ko WhatsApp, an liƙa mata suna Wagyu ko Kobe ko Angus, ya tura kuɗin da zai iya sayen rago sukutum, alhali bai san mai sayarwar ba, bai kuma san inda aka yanka dabbar ba. Malamanmu na Malikiyya sun halatta cinikin abin da ba ya gaban mai saye bisa sifar da aka bayyana, da sharaɗin in kaya ya zo ya saɓa wa sifa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. To amma wanda bai san sifar ba tun farko, cinikin biri a sama kawai ya yi.

Mu fara da Kobe, domin shi ne sunan da aka fi yi wa ƙarya. Ba a kiran nama da wannan suna sai dabbar ta kasance daga tsatson Tajima na baƙaƙen shanun Jafan, an haife ta a lardin Hyogo, an yi kiwonta a can, an kuma yanka ta a can, sa'an nan masu tantancewa suka tabbatar cewa kitsen da ya ratsa cikin tsokarta ya kai mataki na 6 ko sama da haka, a ma'aunin da ya tashi daga 1 zuwa 12. Shanun da ke cika waɗannan sharuɗɗa a shekara 'yan dubbai ne kacal, kuma sai a 2012 aka fara fitar da naman zuwa ƙasashen waje. Bayan cutar haukan shanu ta ɓulla a Jafan a 2001, hukuma ta wajabta wa kowace saniya lamba mai alƙaluma 10, wadda kowa zai iya bincikawa a intanet ya ga ranar haihuwarta da jinsinta da wuraren da ta zauna. Takardar shaidar ma takan zo da tambarin hancin dabbar, domin zanen hancin kowace saniya daban yake da na 'yar'uwarta. Saboda haka duk wanda ya yi da'awar yana sayar da Kobe, a tambaye shi lambar nan, don a shari'a hujja tana wuyan mai da'awa.

Wagyu kuwa, wato shanu masu asalin Jafan, suna ne mai faɗi. Akwai na Ostareliya da na Amurka, waɗanda da yawansu ruwa biyu ne, wato an haɗa su da shanun Angus, kuma nama ne mai kyau in an faɗi gaskiyar asalinsa, sai dai ba ya halatta a karɓi kuɗin na Jafan a kansa. Alamar A5 ta ma'aunin Jafan ce, kamar yadda Prime da Choice da Select suke na ma'aikatar aikin gona ta Amurka, kuma wanda ya cuɗanya su a talla guda ya tona wa kansa asiri. Akwai kuma algus iri biyu da ya kamata a sani. Na farko shi ne a ɗura narkakken kitse da allurai cikin nama maras kitse har ya yi zane. Kitsen asali siriri ne, ya watsu ba bisa tsari ba, na Wagyu ma yakan fara narkewa da ɗumin yatsa, shi kuwa na allura yakan fito a jere ko a dunƙule. Na biyu shi ne a manne gutsattsarin nama da wani sinadari ya zama kamar yanka guda, wanda ake ganewa in aka ga zaren tsokar yana fuskantar ɓangarori dabam-dabam.

Ga mu 'yan Nijeriya akwai wasu mas'aloli biyu da suka fi waɗannan nauyi. Hukumar Kwastan ta daɗe da sa naman sa cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, don haka wanda ya ce nasa daga Jafan ya zo, ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa ta bayan fage ya biyo, inda ba mai lamunin cewa sanyi bai yanke masa ba a hanya. Sa'an nan ga batun yanka, wanda ga Musulmi ya gabaci daɗi da tsada, domin mayankan da ke yanka bisa ƙa'idar Musulunci a Jafan kaɗan ne ƙwarai, kuma rubuta kalmar halal a ƙarƙashin hoto ba shaida ba ce sai an ga sunan hukumar da ta tabbatar. Ni a ganina, tsokar gadon bayan Bokolo ko Bunaji da aka yi wa kiwon turke, aka san mahaucin da ya yanka, ta fi kwanciyar rai, ko da yake shanunmu masu tozo ba sa tara kitse cikin tsoka irin na waɗancan, kuma duk mai cewa nasa na gida ne amma ya yi zanen Wagyu a yi masa kallon tuhuma.

In kaya ya iso, a duba shi kafin ɗan aike ya juya. Daskararre ya zo da tauri kamar yadda ake ajiye shi a ma'aunin sanyi 18 ƙasa da sifiri. In an ga jan ruwa ya daskare a gindin leda, ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. Duhun launi a cikin ledar da aka zuƙe wa iska ba aibi ba ne, yakan koma ja bayan an buɗe da kamar minti 20, haka nan kitse mai ɗorawa-ɗorawa alamar kiwon ciyawa ce. Amma leda mai kumburi, da yauƙi a jikin nama, da warin da bai gushe ba bayan an buɗe, waɗannan a mayar wa mai su nan take. Muna roƙon jama'a kada su biya duka kuɗin kafin su ga kaya, kuma su sa sharaɗin mayarwa a rubuce tun kafin a ƙulla ciniki.