Renon 'Yan Kwikwiyo A Tumfure: Makonni 12 Na Farko Su Ne Tushen Halin Kare

Tun daga shekarar 1996 da Gombe ta zama babban birnin jiha, unguwar Tumfure da ke kan hanyar Bauchi ta yi ta cika tana batsewa. Wuraren da a da gonaki ne yanzu sun zama gidaje masu katanga, kuma da yawa daga cikinsu akwai kare mai gadi. Saboda haka idan karya ta haihu, ba a daɗewa maƙwabta sun fara zuwa kamun kwikwiyo. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, halin da kare zai tsufa da shi a waɗannan makonni na farko ake gina shi.

Karya takan yi kimanin kwana 63 da ciki. 'Ya'yan sukan faɗo ba sa gani, ba sa ji, sai bayan kwana 10 zuwa 14 idanunsu ke buɗewa. A wannan lokaci ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, don haka in da hunturu ne sai a shimfiɗa musu buhu a lungun da iska ba ta kaiwa. Daga mako na 2 akan fara ba su maganin tsutsar ciki bisa shawarar likitan dabbobi. A mako na 3 ko na 4 suke fara lasar abinci, kamar kunu da ɗan kifi ko nama. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuwa yana iya huda masa hanji.

Wasu masana biyu na Amurka, watau John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin halayyar karnuka, suka buga sakamakon a 1965. Sun nuna cewa daga mako na 3 zuwa wajen na 12 ne kwikwiyo yake koyon abin da zai amince da shi da wanda zai ji tsoro. Wanda ya wuce wannan lokaci bai saba da mutane ba, da wuya ya sake jiki da su daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan ne masu gida da yawa suke yin kuskure iri biyu. Na farko shi ne raba kwikwiyo da uwarsa tun yana ɗan wata ɗaya, alhali kuwa a wasan kokawa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Ya kamata a bar shi har ya cika mako 8. Na biyu shi ne kulle shi a ɗaki mai duhu ko ɗaure shi da sarƙa, wai don ya tashi da zafi. Irin wannan kare tsoro ne ke cika shi, matsoracin kare kuwa ba ya bambanta ɓarawo da almajiri, ko mai garuwa, ko yaron gidan da ya zo taɓa shi. Abin da ya fi shi ne a riƙa ɗaukar kwikwiyo a hankali kullum, ya ga maza da mata da yara, ya saba da awaki da kaji da ƙarar babur, babba yana lura. Yin haka ba ya hana shi haushi in baƙo ya hau katanga da dare.

Bugu da ƙari, akwai allurar rigakafin haukan kare, wadda akan yi idan kwikwiyo ya cika wata 3. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana cikin masu haɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Wanda kare ya ciza sai ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar.

Duk wanda karyarsa ta haihu, to, haƙƙin maƙwabta yana wuyansa, domin 'ya'yan da zai rarraba a cikin yaran unguwa za su girma. Kafin ya miƙa kwikwiyo, ya kyautu ya gaya wa mai karɓa ranar da aka haife shi, da maganin da ya sha, da ranar da za a kai shi allura. Allah Ya tsare.