Mugun cikin fim daban, majinyacin gaskiya daban

Idan kai mai kallon fina-finan ban tsoro ne, ka san shi tun kafin ya buɗe baki. Ga natsuwa, ga ilimi, ga iya zance, ba ya fushi, ba ya gaggawa, amma yana kashe mutane ko a jikinsa. Can wajen ƙarshe sai a kawo likita ya laƙaba masa sunan wata larura, shi ke nan wai an gama bayani. Wadda aka fi jingina wa irin waɗannan miyagu ita ce larurar ɗabi'ar keta haƙƙin jama'a, mai kusanci da abin da ake kira saikofat.

Uban gidansu duka shi ne Hannibal Lecter, wanda marubucin Amurka Thomas Harris ya ƙirƙira a littafinsa Red Dragon a 1981. Anthony Hopkins ya fito a matsayinsa a fim ɗin The Silence of the Lambs na 1991, har ya ci kyautar Oscar. Tun daga nan marubuta suke ta buga irinsa kamar bulo.

Sai dai likitoci ba su cika ganin irinsa a asibiti ba. Wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu 'yan Beljiyam, Samuel Leistedt da Paul Linkowski, sun yi nazarin fina-finai 400, suka ware miyagu 126, a binciken da ya fito a mujallar kimiyyar binciken laifuka a 2014. Lecter bai ci jarrabawarsu ba, domin an haɗa masa baiwar da ba kasafai take haɗuwa ga mutum ɗaya ba. Wanda suka ga ya fi kama da gaskiya shi ne Anton Chigurh na fim ɗin No Country for Old Men na 2007, makashin da babu tausayi ko nadama a tare da shi. Shi kuwa Norman Bates na fim ɗin Psycho na 1960, wanda mutane da yawa ke sakawa a wannan layi, matsalarsa ta gushewar hankali ce, wata larura daban.

To yaya mai larurar yake a zahiri? Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, ya jera alamomi bakwai, ana neman aƙalla uku: yawan karya doka, ƙarya da yaudara, aikata abu ba tare da tunani ba, saurin fushi da faɗa, ganganci da ransa ko na wasu, rashin riƙe aiki ko biyan bashi, da rashin nadama. Dole ya kai shekara 18, kuma a samu shaidar cewa halin ya faro kafin ya cika 15. Ka duba jerin da kyau, babu kisa a ciki, babu kaifin basira. Hasali ma akasin Lecter ne. Mutum ne da ba ya iya haƙuri, yau an kore shi daga aiki, gobe yana hannun 'yan sanda, sau da yawa ga shaye-shaye. Kundin ya ƙiyasta masu larurar tsakanin kashi 0.2 zuwa 3.3 cikin ɗari, maza sun fi yawa, kuma halin kan lafa idan an doshi shekara arba'in.

Kada ka ce ai fim ne kawai. Abin da aka gani a allo shi ake ɗauka a shiga da shi gida. Sunan larurar da Turanci ma yana ruɗar mutane, har su zaci mai kunya ko mai son kaɗaici ake nufi, sai ka ji ana zolayar yaro shiru-shiru da sunan makashin fim. Wanda kuwa yake ganin alamun a jikin ɗansa sai ya ɓoye, don ba ya so a ce dodo ya haifa.

Idan kai ne mai rubutun, ko 'yarka ce ke rubuta labarai a waya tana tura wa ƙawaye, ga shawarata. Sunan cuta ba ya zama dalilin mugunta, hanyar gudun wahala ce kawai ga marubuci. Ka ba mugunka abin da yake so, da abin da ya zaɓa ya yi don ya samu. In kuma ka dage sai ya kasance mai larurar, to ka rubuta ta yadda take. Tun a 1941 likita Hervey Cleckley ya nuna a littafinsa The Mask of Sanity cewa abin tsoro a irin waɗannan mutane shi ne kamanninsu na masu lafiya. Mutumin da zai ci amanar ƙanwarsa, ya zo ya zauna a tabarma ɗaya da ita yana ba ta haƙuri da hawayen ƙarya, ya fi mai yawo da gatari tayar da tsikar jiki. Ka kuma ba shi yarinta, domin larurar kan fito ne daga haɗuwar gado da irin rainon da aka samu, musamman duka mai tsanani da rashin kulawa.

Ku kuma iyaye, abin lura ba shirun yaro ba ne. Ku kula da yaron da ya mayar da azabtar da dabbobi, cinna wuta, sata, cin zalin yara da gudu daga gida ɗabi'arsa ta kullum. Ba duk mai wannan hali ne ke girma da larurar ba, kuma an fi samun nasara idan an fara da wuri, musamman ta hanyar horar da iyaye kan yadda za su tafiyar da shi. Bulala ba ta cikin maganin. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a Legas, Aro a Abekuta da Barnawa a Kaduna suna duba irin wannan matsala, kuma likitan asibitin da ke kusa da ku zai iya rubuta muku takardar turawa.