Bindin Zalaiɗu da Ƙahon Rago: Yadda Neman Mace ke Sauya Siffar Dabbobi

Duk mai lura da tsuntsaye ya san cewa da damina namijin zalaiɗu kan fito da dogon bindi, alhali macen ba ta da shi. Bindin nan nauyi ne gare shi wajen tashi, ga kuma tona masa asiri a idon shaho. To, don me irin wannan kaya bai ɓace daga zuriyarsa ba?

A shekarar 1871 Charles Darwin ya ba da amsa: tsira da rai kaɗai bai isa ba, sai dabba ta samu abokin barbara ta bar baya. Ana cimma haka ta hanya biyu. Ta farko ita ce karawa tsakanin maza. Ragon dajin da ƙahonsa ya fi ƙarfi shi ke korar abokan hamayya, don haka 'ya'yansa ke yawaita, su gaji ƙahon. Ta biyu kuwa ita ce zaɓin mace.

Gani ya kori ji. A 1982 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Malte Andersson, ya bayyana gwajin da ya yi a Kenya a kan wani tsuntsu dangin kabare, wanda bindin namijinsa ya kai kimanin santimita 50. Ya kama maza 36, ya kasa su gida huɗu. Ya datse bindin kashi ɗaya zuwa santimita 14, ya manna abin da ya yanke ga kashi na biyu har nasu ya kai 75. Sauran biyun ya bar musu tsawonsu domin kwatantawa. Masu ƙarin bindi ne suka fi samun sababbin sheƙuna a yankunansu. Ke nan tsawon bindi mata ke bi.

Mene ne ribar mace? Ronald Fisher ya nuna a 1930 cewa 'ya'yanta maza za su gaji bindin, matan kuma su gaji sha'awarsa, sai abin ya riƙa haɓaka. Amotz Zahavi kuma, a 1975, cewa ya yi ado mai tsada shaidar ƙoshin lafiya ce, domin kumama ba ya iya ɗaukarsa. Sai dai akwai iyaka: inda hasarar rai ta rinjayi ribar haihuwa, nan tsawon ke tsayawa.

Saboda haka, malamai, idan damina ta sauka ku fita da ɗalibai inda kabare ke saƙa. Su ƙirga sheƙunan kowane namiji, su rubuta waɗanda mata suka shiga, sa'annan su gwada bayyana dalili.