Karela, ɗan'uwan garafuni da ya yi suna a Asiya

Duk wanda ya san garafuni, tsiron nan mai yaɗo da ke hawa danga da damina, wanda tsofaffi ke tsinko ganyensa su dafa wa mai jego, ba zai ga karela a matsayin baƙo ba. Gida ɗaya suka fito. Masana tsirrai suna kiran garafuni Momordica balsamina, karela kuma Momordica charantia, dukansu dangin kabewa da kankana da duma ne, tushen zuriyarsu kuma Afirka. Sai dai mu mun bar namu yana tsirowa da kansa a bayan gida, mutanen Asiya kuwa suka kai nasu gona, suka kafa masa rumfa, har ya zama kayan miya na kullum. Karela sunansa ne a Indiya da Pakistan, a Filifin ampalaya, a tsibirin Okinawa na Japan goya.

Ɗanye ake cirar 'ya'yansa, tun yana kore. In aka bar shi ya nuna sai ya koma ruwan lemo, ya tsage gida uku, ƙwayoyin su bayyana cikin wani jan lulluɓi mai zaƙi-zaƙi. Ɗacin da ya yi suna da shi daga wasu sinadarai ne da ake kira momodisin, kuma tsiron ya tanade su ne don kare kansa daga masu ci. Mutum ne kaɗai ya ɗanɗana ya ce a ƙara masa.

Babbar matsalar manomin karela tana wurin fure. Tsiro ɗaya yana fitar da fure namiji da fure mace daban-daban, ƙudan zuma ne ke kai garin wannan ga wancan. Amma mazan sun ninka matan sau da yawa, su ne kuma ke riga fitowa, alhali mace ce kawai ke zama ɗa. Shi ya sa masu inganta iri suka daɗe suna neman tsiron da furensa duk mata ne. An same shi a Indiya, a cibiyar binciken noma ta ƙasa da ke New Delhi da ta kayan lambu da ke Baranasi, an kuma same shi a Okinawa. In aka aurar da irin wannan da wani iri mai kyau, 'ya'yan da suka fito sukan yi saurin haihuwa, su kuma yi yawan 'ya'ya. Tambayar da mai karatu zai yi ita ce: tsiron da ba shi da namiji, ta yaya za a riƙe irinsa? Ana fesa masa wani sinadari na azurfa, sai ya fitar da furen da ke da gari, ya yi wa kansa barbara.

Kasuwa ma tana da nata hukuncin. Ba'indiye ya fi son ƙarami, kore shar, mai ƙuraje masu tsini da ɗaci sosai. A Sin da Tailan da Biyetnam dogo ake so, mai santsi, wanda ɗacinsa bai kai can ba. Irin da ya ƙare nan take a wata kasuwa zai kwana a kwando a wata. Kamfanin East-West Seed, wanda Simon Groot ɗan ƙasar Holan ya kafa a Filifin a 1982, ya fara yin suna ne da wani irin ampalaya mai aure da ya kira Jade Star, kuma a 2019 aka ba Groot lambar yabo ta abinci ta duniya. Cibiyar kayan lambu ta duniya, mai hedikwata a Taiwan, tana da shirin inganta karela a Tailan, inda take neman irin da ke jure farar cutar ganye da cutar nannaɗewar ganye. A Okinawa kuwa wani ƙuda mai huda 'ya'yan ne ya hana a fitar da goya zuwa sauran Japan, har sai da aka yi ta sakin miliyoyin ƙudajen da aka mayar juya, aka ga bayansa a 1993. A 2017 masana a Japan suka wallafa taswirar ƙwayoyin gadon tsiron.

Wannan duk aiki ne da ake iya gani a kwando. Zancen magani shi ne bai kai nan ba, ko da yake shi ya fi yawo a bakin mutane. Daga Indiya har tsibiran Karebiyan ana shan ruwan karela don ciwon suga, ma'aikatar lafiya ta Filifin ma ta sa ampalaya cikin tsirrai goma na magani da ta amince da su. Ba a banza ba: akwai sinadarai a cikinsa, kamar karantin da wani mai kama da insulin, waɗanda suka rage suga a jinin dabbobin gwaji. Amma ɓera ba mutum ba ne. A 2012 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta duba gwaje-gwaje huɗu da aka yi a kan mutum 479 masu ciwon suga nau'i na biyu, ta ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Wani gwaji na mako huɗu a Tailan ya nuna miligiram 2,000 na garin karela a rana yana ɗan rage suga, amma bai kamo miligiram 1,000 na maganin suga metformin ba.

A ganina, ɗaya daga cikin dalilan wannan ruɗani yana can gona. Yawan sinadaran ya danganta da iri, da ƙasar da aka shuka shi, da lokacin cira, da yadda aka busar. Mai bincike ɗaya ya matse ruwan ƙaramin iri mai ɗaci, wani ya niƙa busasshen dogo, wani ya dafa ganye, sannan a tara sakamakonsu a ce abu ɗaya aka gwada. Mai sayar da gari a kwalba kuwa ba ya faɗa maka wane iri ya niƙa.

A matsayin abinci dai ba shi da abin kushewa, don ɗanyensa ya fi lemon zaƙi bitamin C. Haɗarin yana ga mai shansa da yawa da niyyar magani. Wanda ke kan insulin ko ƙwayoyin suga, in ya haɗa da shi, suga na iya faɗuwa ƙasa da kima, kuma likitoci sun ba da rahoton ƙananan yara da suka suma bayan an ba su ruwan dafaffen ganyen. Ana hana mai juna biyu saboda tsoron ɓari. Ƙwayar cikin karela tana ɗauke da sinadarin bisin, wanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin G6PD, wata larura ta gado da ta yawaita a Afirka ta Yamma, kuma da yawa daga masu ita ba a taɓa gwada su ba. Gwaje-gwajen da aka ambata a sama duk a kan karela aka yi su, don haka ba su ce komai ba game da garafunin da ke kan dangarmu.